Kifin da Ya Dagargaje a Kasko: Amsa ga Ɗan da Ke Jinyar Mahaifiyarsa a Jos

Wasiƙar da ta iso mana ta ce:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Jos, ban yi aure ba, ina zaune a Unguwar Rogo. Makonni uku ke nan da na ɗauko Innata daga gida domin ta riƙa ganin likita saboda hawan jini, aka ce ta rage gishiri da maiƙo da jan nama, ta yawaita cin kifi da ganye. Girkina bai wuce shayi da taliya ba, amma na ƙuduri aniyar in yi mata abincin dare da hannuna. Na sayo sukumbiya biyu bayan an tashi daga makaranta, na ajiye su cikin leda a bakin taga har magariba saboda garin da sanyi. Da na ga tsakiyarsu ba ta gama saki ba sai na kwara musu ruwan zafi, na jiƙa su a ruwan lemun tsami kusan awa guda, sannan na jefa a mai. Kifin ya manne a kasko ya dagargaje, ƙarni ya cika gida, ni kuma na saka dunƙule uku a miyar don ƙarnin ya ɓuya. Inna ta yi loma kaɗan, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta kwanta. Yayata ta ce girki ba aikina ba ne, in riƙa sayowa a waje ko in yi aure. Kunya ta hana ni sake gwadawa. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya ba Inna lafiya mai ɗorewa, ya sa wannan ciwo ya zame mata kaffara, kai kuma ya karɓi addu'ar da ta yi maka a daren nan. Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma abin da na gani a cikinta shi ne kifinka ya riga ya lalace tun kafin ya taɓa kasko, saboda haka ba hannunka ne ke da matsala ba, wasu abubuwa ne guda huɗu ko biyar da ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya gaya maka, kuma dukkansu ana koyonsu a yini ɗaya.

Bari in fara da maganar yayarka, domin na lura ita ce ta fi tsaya maka a rai. Ba na zaton ta faɗa da mugun nufi, tausayin Inna ne da naka ya sa ta, amma shawarar tata ba za ta ciyar da marar lafiya a daren gobe ba. Aure alheri ne, ina kuma yi maka fatansa, sai dai ba a ɗauko 'yar mutane don kawai a sami mai tsayawa a bakin murhu, kuma ko yau aka sa rana akwai watanni a gaba da Inna za ta ci abinci a cikinsu. Sayowa a waje kuwa shi ne abin da ya fi hatsari ga mai hawan jini, domin mai sayar da abinci yana girka wa harshen jama'a ne, kuma jama'a gishiri da dunƙule da mai suke so. Ba za ka taɓa sanin adadin da aka zuba a tukunyar da ba ka gani ba. Batun cewa girki ba aikin namiji ba ne, ka dubi mai shayin bakin layinku da mai tsire da mai gasa kifi da dare, duk maza ne, kuma ba wanda ya raina su. An kuma tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. Ɗan da ya shiga kicin don mahaifiyarsa ba shi da abin jin kunya.

Yanzu mu koma bakin tagar nan, don a nan ne kuskure mafi girma ya faru, kuma shi kaɗai ne a cikin kurakuranka da zai iya kai mutum asibiti. Mu mutanen Jos sanyin garinmu yana yaudararmu. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, da hunturu kuma sai mun sa rigar sanyi a cikin ɗaki, don haka sai mutum ya ga kamar bakin taga firji ne. Amma sanyin da ke tsayar da ƙwayoyin cuta a jikin kifi shi ne digiri 5 zuwa ƙasa a ma'aunin Salshiyos, kuma yammacin Jos, ko a tsakiyar Disamba, ya fi haka ɗumi nesa ba kusa ba. Sukumbiya kuma tana da wani hali nata: idan ta daɗe a waje, ƙwayoyin cuta sukan tara wani sinadari mai suna histamin a namanta, kuma wuta ba ta kashe shi, ko an soya ko an dafa yana nan. Wanda ya ci irin wannan kifi zai iya jin fuskarsa ta yi zafi, jikinsa ya yi ƙaiƙayi da borin jini, kansa ya yi ciwo, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, duk a cikin mintuna zuwa awa guda. Ka yi tunanin wannan a jikin tsohuwa mai hawan jini. Alhamdu lillahi abin bai kai can ba, amma kada ka sake barin ɗanyen kifi a waje fiye da awa biyu, kuma tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, mafi aminci shi ne ka sayi kifi a ranar da za ka dafa shi, gwargwadon abin da za ku cinye.

Ruwan zafin da ka kwara shi ne ya fara dagargaza naman. Naman kifi ba irin na saniya ba ne, wanda jijiyoyi suka ɗaure shi tamau har sai an daɗe ana tafasawa. Shi sala-sala yake, kuma abin da ya manne salar da juna siriri ne ƙwarai, ɗan zafi kaɗan yake narkar da shi. Da ka zuba ruwan zafi sai bayan kifin ya fara nuna alhali cikinsa ƙanƙara ce. Yadda ake yi shi ne ka ƙulle kifin a leda mai kyau wadda ruwa ba ya shiga, ka nutsar da ita a roba mai ruwan sanyi, ka riƙa canza ruwan duk bayan rabin awa. Cikin awa guda ko ɗan fiye da haka zai saki. Idan kuwa akwai wuta kuma firjinka yana sanyi sosai, ka sa shi a kwano mai murfi a ƙasan firjin tun da safe. Kifin da ya saki ba a mayar da shi ya sake ƙanƙara.

Lemun tsamin ma tunaninka daidai ne, lokacin ne ya yi yawa. Ƙarnin kifin teku yana fitowa ne daga wani sinadari da ke ƙaruwa a jikinsa bayan ya mutu, kuma tsami yana karya wannan sinadari, shi ya sa iyayenmu suke wanke kifi da lemun tsami tun kafin wani ya yi musu bayanin dalili. Sai dai tsamin yana dafa naman kifi ko ba wuta, yana mayar da shi fari ya yi lugub, don haka minti goma ya isa, sannan a ɗauraye. Kai kuma ka bar shi awa guda, bayan ruwan zafi ya riga ya raunana shi, sannan ka ɗauko shi yana ɗigar ruwa ka jefa a mai. Jiƙaƙƙen kifi yana sanyaya mai nan take, fatarsa ta kama ƙarfen kasko, kuma na tabbata da ka ga ya manne ka sa cokali kana ƙoƙarin ɓamɓaro shi. Ko wadda ta shekara 30 tana girki aka ba kifi a wannan hali, abin da ya same ka shi zai same ta.

Shawarata ita ce ka ajiye suya gaba ɗaya a yanzu. Suya ita ce hanya mafi wuya ga ɗan koyo, ita ce ke cika gida da ƙauri da ƙarni, kuma ita ce likita ya ce a rage. Abin da zan koya maka tukunya ɗaya ce, kifi da dankalin Turawa cikin romo, tsakanin farfesu da faten dankali, abinci mai taushi da ɗumi wanda ya dace da daren Jos da kuma haƙoran tsohuwa. Allah ya ajiye ka a inda kayan wannan girki suka fi kyau da araha a ƙasar nan, domin mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Nijeriya daga Filato yake fitowa, daga gonakin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma idan ka shiga kasuwar Farin Gada za ka tarar da karas da koren wake da kabeji da tumatir waɗanda ba su sha doguwar tafiya a bayan mota ba.

Game da kifin da za ka saya, ka tsaya a kan guda biyu. Sukumbiya, wadda ake shigowa da ita a daskare daga ƙasashen arewacin tekun Atlantika irin su Norwe, tana da man nan da ake kira omega-3 mai amfani ga zuciya da hanyoyin jini, ba ta da ɓawon da za ka sha wahalar kankarewa, kuma ƙayarta ba ta da yawa. Idan ka je wajen masu kifin ƙanƙara a Taminus, ka zaɓi wadda take da tauri kamar itace, fatarta na sheƙi, cikinta bai fashe ba, kuma gefen cikin bai yi ruwan ɗorawa ba, domin wannan launi alama ce ta man jikinta ya fara lalacewa. Idan ka ga kifi ya yi laushi a kwali, ko ƙanƙarar da ke jikinsa ta gauraya da jini, to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ka wuce gaba ko da an rage maka kuɗi. Na biyu ita ce tarwada, wadda ake kiwonta a nan gida, kiwon kifi kuwa ba baƙon abu ba ne a Filato tunda gonar kifi ta Panyam tana nan tun zamanin Turawa. Falalar tarwada ita ce za ka same ta da ranta a cikin baho, mai sayarwa ya yanka maka a gabanka, don haka babu zancen ƙanƙara ko kaɗan. Yauƙin jikinta ne kawai aiki, kuma yana fita idan ka watsa mata ruwa mai zafi na ɗan lokaci kaɗan ka tsiyaye, ka murje da lemun tsami. Ita fatarta tana da kauri, tana jure abin da sukumbiya ba za ta jure ba. Karfasa tana da daɗi amma ka bar ta sai hannunka ya faɗa, shawa kuwa kada ka kawo wa Inna ita sam, saboda siraran ƙayoyin da suka cika ta.

Ko wanne ka saya, ka roƙi mai kifin ya yanka maka gunduwa-gunduwa, kaurin kowace kamar yatsu biyu a haɗe, ya kuma cire kayan ciki. A gida sai ka duba da kanka: ka cire jan abin nan da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifin idan za ka dafa da kai, ka sa babban yatsa ka kankare daskararren jinin da ke bin ƙashin baya, ka murje baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin cikinsa. Rabin ƙarnin kifi a waɗannan wurare yake. Idan tarwada ce a kula kada matsarmama ta fashe, don ɗacinta ba ya wankuwa. Bayan ka gama ka wanke wuƙa da katako da hannunka da sabulu kafin ka taɓa kayan lambu.

Ga abin da za ku ci ku biyu: sukumbiya ɗaya matsakaiciya ko gunduwar tarwada huɗu, dankali biyar ko shida, albasa babba ɗaya, tumatir huɗu, tattasai ɗaya, attaruhu ɗaya ko rabi gwargwadon yadda Inna take jure yaji, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, karas biyu, koren wake cikin tafin hannu, ɗan masoro, daddawa rabin ƙwallo, da lawashi ko ɗoɗɗoya. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a girki ma'anarsa ita ce ka fere, ka yanka, ka jajjaga komai ka jera a gabanka kafin ka kunna wuta, domin yawancin abincin da ke ƙonewa a hannun ɗan koyo yana ƙonewa ne a lokacin da ya juya baya yana neman wuƙa. Ka daka citta da tafarnuwa da masoro, ka shafa rabinsu a jikin kifin bayan ka tsane shi da tsumma mai tsabta, ka rufe ka ajiye a gefe.

Ka ɗora tukunya mai faɗin gindi a matsakaiciyar wuta, ka zuba man gyaɗa cokalin cin abinci ɗaya, ba fiye ba, ka sa albasa kana juyawa har ta yi laushi ta fara ƙamshi. Sai ka zuba jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, da sauran citta da tafarnuwa da dakakkiyar daddawa, ka bar su kamar minti goma kana juyawa jefi-jefi har ruwan tumatirin ya ja baya, tsaminsa ya mutu. Daga nan ka zuba dankalin da ka yanka gida huɗu-huɗu da karas, ka tsaida ruwa daidai inda zai shanye kan dankalin, ka sa gishirin da zan gaya maka adadinsa, ka rufe. A nan Jos ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96 maimakon 100 saboda tsayin garin, shi ya sa dankali da wake suke ɗan ƙara ɗaukar lokaci fiye da yadda za su yi a Legas, don haka kada ka dogara da agogo kaɗai. Bayan minti 15 ka soka wuƙa, idan ta shiga amma tsakiya na da ɗan sauran tauri, lokacin kifi ya yi.

Wannan mataki shi ne zuciyar girkin, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Ka rage wuta har tafasar ta koma ɗan motsi kawai, ka watsa koren wake, sannan ka jera gunduwoyin kifin a kan dankalin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka ɗora wata a kan wata ba, ka ɗebi romo da ludayi ka zuba musu a kai, ka rufe tukunya, ka ajiye ludayin nesa da hannunka. Daga wannan lokaci ba a juya tukunyar. Idan zuciyarka ta raya maka cewa ƙasa na kamawa, ka riƙe hannuwan tukunyar da tsumma ka ɗan girgiza ta a hankali. Tururi da romo su ne za su yi aikin, kuma gunduwa mai kaurin yatsu biyu tana nuna cikin minti 10 zuwa 12. Masana lafiyar abinci sun ce kifi ya nuna idan zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63, amma ba sai ka nemi na'urar awo ba: ka sa bakin cokali mai yatsu a gunduwar da ta fi kauri, kusa da ƙashi, idan naman ya daina sheƙin ɗanyantaka kuma yana rabuwa sala-sala cikin sauƙi, to ya yi. Tsoron kada a ba marar lafiya ɗanyen abu yakan sa 'yan koyo su bar kifi rabin awa a wuta, sai ya bushe ko ya narke cikin romo ƙayoyinsa su bazu ko'ina, wanda hakan ya fi zama hatsari. Da ya nuna ka watsa lawashi ko ɗoɗɗoya, ka kashe wuta, ka bar murfi a rufe minti uku, sannan ka kwashe kifin da faffaɗan cokali tukuna kafin dankalin.

Sauran maganar gishiri, kuma ita ce ainihin dalilin wannan girki, don haka ka ba ni haƙuri in ɗan tsawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini ba, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da duk abin da ya ci daga karin kumallo zuwa dare, har da gishirin da ke cikin burodi wanda harshe ba ya ji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dunƙule kansa babban kasonsa gishiri ne, saboda haka wanda ya rage gishiri ya ƙara dunƙule bai rage komai ba, kuma ukun nan da ka saka sun fi ƙarfin abincin mutum biyu ko da babu mai ciwo a cikinsu. Haka nan kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ake gudu a cikin gishiri, don haka kunun kanwa da miyar da aka sa wa kanwa su ma a yi hattara da su, haka ƙullin sinadarin da ke zuwa cikin ledar taliyar nan da ka saba dafawa. A tukunyar da na siffanta maka, ƙasa da rabin cokalin shayi na gishiri ya isa, a shafe ba a tule ba, kuma ba dunƙule ko ɗaya. Abin da zai cike gurbin shi ne albasar da ta soyu da kyau, da daddawa, da citta da tafarnuwa, da ɗan lemun tsamin da za a matsa a kan kifin bayan an zuba a kwano. Sai dai ka tambayi mai daddawar ko an sa mata gishiri, don wasu suna sawa domin ta daɗe.

Ka shirya wa cewa a kwanakin farko Inna za ta ce abincin salam yake, kuma gaskiya za ta faɗa, domin harshen da ya shekara da shekaru yana cin gishiri ba ya sauka a rana ɗaya. Amma yana sauka. Cikin 'yan makonni abin da yau take ji salam zai koma daidai, har abincin waje ya fara yi mata zartsi. Abin da zai sauƙaƙa mata shi ne ku ci abu ɗaya daga tukunya ɗaya. Kada ka zauna a gabanta kana barbaɗa gishiri ko yaji mai dunƙule a naka kwanon, don babu abin da ke sa marar lafiya ya ji an ware shi kamar wannan, kuma kai ma ɗan mai hawan jini ne, rage gishirin tun yanzu riba ce gare ka. Kifi sau biyu a mako ya wadatar, ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo irin sukumbiya. Sauran ranakun akwai wake, akwai gwaten acha da ganye, akwai tuwo da miyar alayyafo ko zogale. Kuma abinci ba ya maye gurbin magani, ta ci gaba da shan abin da aka rubuta mata a kan lokaci. Ranar da za ku koma asibiti ka tambayi likita ko ƙodarta lafiya lau take, domin masu ciwon ƙoda akan taƙaita musu dankali da tumatir da wasu ganyaye, kuma shi ne zai gaya maka idan akwai abin da za a canza a wannan girki.

Kafin ka kai mata kwano, ka wanke hannu ka zare ƙashin tsakiya, ka bi naman da yatsunka a wuri mai haske ka tsince ƙayoyin, musamman idan idonta ya fara rauni ko an ɗauke wuta. In Allah ya ƙaddara ƙaya ta maƙale mata a wuya, kada a bi al'adar nan ta haɗiye ƙatuwar lomar tuwo ko burodi don a tura ta, domin hakan na iya ƙara cusa ta cikin nama. Idan ba ta fita da tari ba, ko haɗiya na yi mata zafi, ku tafi asibiti a daren. Abin da ya rage a tukunya kuma ya shiga firji kafin awa biyu idan akwai wuta, a ɗumama shi ya yi zafi sosai washegari, in babu wuta kuwa gara ka ba maƙwabci tun da ɗuminsa. Ƙarnin gida ba zai dame ka ba a wannan girki, ka dai ƙulle kayan cikin kifin a leda ka fitar da su waje nan take.

Akwai wani abu da na lura babu shi a wasiƙarka. Ka gaya mini abin da yayarka ta ce, ka nemi shawarata ni da ba ka taɓa gani ba, amma ba ka ce ka tambayi Inna ba, alhali a ɗakinka akwai matar da ta girka maka duk abin da ka ci tun kana rarrafe. Na fahimci dalilinka, kana so ta huta, kana kuma jin nauyin ta ga gazawarka. Amma ka dubi lamarin ta wajenta: an ɗauko ta daga gidanta da tukwanenta da maƙwabtanta, an kawo ta gari mai sanyi, tana wuni ita kaɗai har ka dawo daga makaranta, kuma duk abin da ta saba yi da hannunta an ce ta bari. Loma kaɗan ɗin da ta yi ta sa maka albarka, ina kyautata zaton ta san duk inda ka kuskure tun daga ƙaurin da ta jiyo, kawaici ne irin na iyaye ya hana ta magana. Ranar Asabar mai zuwa, da ba ka da makaranta, ka je kasuwa da hantsi ka dawo da kifinka, ka ajiye mata kujera a ƙofar kicin inda hayaƙi ba zai same ta ba, ka lulluɓa mata mayafi mai kauri, ka ce, "Inna, ki duba mini ko albasar nan ta yi." Ka bar mata hukuncin komai, yankan dankali da yawan ruwa da lokacin sauke tukunya, abu ɗaya kawai za ka riƙe a hannunka ba za ka sakar mata ba, shi ne cokalin gishiri. Idan kun ci, ka rubuto mini yadda kifin ya fito da abin da ta ce, sai in gaya maka yadda ake turara karfasa da kabeji.